A Rubuta Ranar Mutuwar Waya a Jikin Kwalinta

Duk wanda ya sayi magani ya san ya juya kwalin ya duba ranar da zai lalace. Ba sai ya yi karatun likita ba, lambobi ne guda shida ko takwas, kuma doka ce ta tilasta a buga su. Waya da kwamfuta ma suna da irin wannan rana, sai dai ba a rubuta ta inda mai saye zai gani. A jikin kwalin waya za ka ga faɗin allo, da ƙarfin kyamara, da girman batir, da saurin caji, amma ba za ka ga ranar da kamfanin zai daina aiko mata da sabuntawar tsaro ba. A ganina wannan rana ta fi duk sauran lambobin muhimmanci, kuma ɓoye ta da ake yi cutar mai saye ne. Ya kamata doka ta sa a buga ta ɓaro-ɓaro a kwali, da cikin talla, da cikin saitin na'urar kanta.

Babbar manhajar da ke tafiyar da waya ko kwamfuta, irin su Android da iOS da Windows, an gina ta ne da layukan umarni miliyoyi, kuma mutane ne suka rubuta su. Dole a samu kuskure. Wani kuskuren iyakarsa ya sa manhaja ta tsaya cik, wani kuwa ƙofa ce da baƙo zai bi ya shiga ya karanta saƙonni, ya kwashi kalmomin sirri, ko ya kulle fayiloli ya nemi kuɗin fansa. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, kuma aikin sabuntawar tsaro shi ne liƙe tsagar da zarar an gano ta. Microsoft yana fitar da nasa facin a Talata ta biyu ta kowane wata tun 2003. Google yana fitar da sanarwar tsaron Android duk wata tun 2015.

Abin da jama'a da yawa ba su lura da shi ba shi ne, ranar da aka fitar da faci ita ce ranar da aka tona asirin tsagar. Masu kutse suna ɗaukar manhajar kafin gyara da bayan gyara su kwatanta, su ga wurin da aka taɓa, daga nan su gane yadda za a shiga na'urar da ba a gyara ba. Windows 10 da Windows 11 sun haɗa sassa da yawa, haka tsohuwar Android da sabuwa. Saboda haka duk facin da aka yi wa sabuwar yana iya zama taswirar shiga tsohuwar. Na'urar da aka daina tallafa wa ba ta tsayawa a matsayin da aka bar ta. Kowane wata ƙofofinta da aka sani suna ƙaruwa, kuma babu mai rufewa. Allonta na haske, kira na shiga, hoto na fita tas, shi ya sa mai ita ba ya jin komai a jikinsa.

An sha ganin sakamakon haka. A ranar 12 ga Mayu 2017 manhajar neman fansa da ake kira WannaCry ta bazu zuwa kwamfutoci sama da 200,000 a ƙasashe kusan 150, ta kai ga asibitocin gwamnatin Birtaniya sun soke ganin marasa lafiya da dama. Microsoft ya riga ya fitar da facin wannan tsaga tun watan Maris na shekarar, wata biyu kafin harin. Waɗanda abin ya ci ko dai ba su ɗora facin ba, ko kuma suna kan Windows ɗin da aka daina yi wa faci. Ba wanda ya danna wani abu. Manhajar da kanta take laluben kwamfutocin da ƙofarsu ke buɗe ta shiga.

Wannan ya kawo ni ga maganar da ake yawan yi, wai "ni ai ba na danna abin da ban sani ba". Taka-tsantsan yana da amfani ƙwarai, amma akwai tsagar da ba ta jiran dannawa. A 2015 an gano ɓarakar Stagefright a sashen Android da ke sarrafa bidiyo, inda saƙon MMS, wato saƙon waya mai ɗauke da hoto ko bidiyo, kawai zai iya isa, tunda wayar da kanta take fara buɗe shi. A Mayu 2019 an gano cewa ana iya dasa manhajar leƙen asiri ta hanyar kiran WhatsApp ko da mutum bai ɗaga ba, kuma kamfanin ya ce an hari mutane kusan 1,400. A Satumba 2023 an sami tsaga a tsarin buɗe hotuna nau'in WebP, wadda ta shafi Chrome da Firefox da manhajoji da yawa a lokaci guda. A irin waɗannan, wayon mai waya ba ya kare shi, faci ne kawai. Mai cewa "ni wane ne da za a neme ni" kuma ya tuna cewa yawancin hare-hare ba sa zaɓen mutum, koma ce ake jefawa. A cikin waya mafi araha akwai manhajar banki, da lambobin tabbatarwa da ke zuwa ta saƙon tes, da imel ɗin da ake sake saita duk sauran kalmomin sirri da shi, da asusun WhatsApp da za a iya amfani da shi a yaudari 'yan uwa da sunan mai shi.

Batun Windows 10 ya nuna alherin sanar da rana, ya kuma nuna iyakarsa. An fitar da ita a ranar 29 ga Yuli 2015, tallafinta ya ƙare a ranar 14 ga Oktoba 2025, rana ɗaya da Office 2016 da Office 2019. Shekara goma ba kaɗan ba ce, kuma an faɗi ranar tun da wuri, wannan abin yabo ne. Inda nake da ja shi ne shingen da aka gitta wa Windows 11. Ban da RAM gigabait 4 da ma'adana gigabait 64, tana buƙatar sashen tsaro na TPM 2.0, da sabon tsarin tada kwamfuta na UEFI mai iya Secure Boot, wato hana baƙuwar manhaja tashi tare da ita, da furosesa daga cikin jerin da aka amince da su, wanda a taƙaice ya fara daga Intel zubi na 8 da AMD Ryzen 2000. Wato kwamfutar da aka ƙera a 2016 ko farkon 2017, mai Core i5 ko i7, wadda har yau take ɗaukar aikin rubutu da lissafi da kallon bidiyo ba tare da gajiya ba, an ce ba ta da wuri. TPM yana da amfaninsa, shi ne ke adana makullan ɓoye bayanai nesa da hannun muguwar manhaja, ban musa ba. Amma wanda ya sayi kwamfuta a 2017 ba a gaya masa a lokacin cewa ba za ta ɗauki Windows ta gaba ba, wato shekara takwas kawai ke gabanta.

Kafin mutum ya yanke ƙauna da kwamfutarsa, akwai abubuwan dubawa, domin da yawa daga cikin waɗanda aka ce ba su cancanta ba saiti ɗaya ne ya hana su. Ka danna maɓallin Windows tare da R, ka rubuta winver, za ka ga zubin da kake kai. Na ƙarshe a Windows 10 shi ne 22H2. Ka sake danna maɓallan biyu ka rubuta tpm.msc. Idan ya nuna 2.0, wannan sharaɗi ya cika. Idan ya ce bai sami TPM ba, kada ka yarda tukuna, sau da yawa yana nan an kashe shi ne a cikin BIOS, wato saitin da ake shiga kafin Windows ta tashi. Ka sake kunna kwamfutar kana danna F2 ko F10 ko Del, gwargwadon kamfanin da ya ƙera ta, ka nemi abin da ake kira PTT a na'urorin Intel ko fTPM a na AMD, ka kunna, ka adana. Manhajar PC Health Check ta Microsoft za ta faɗi ainihin sharaɗin da ya rage. Wani abin da ke kayar da mutane shi ne faifan ajiyar kwamfuta da aka tsara shi da tsohon salon MBR. Idan ka sauya BIOS zuwa UEFI alhali faifan yana MBR, kwamfutar ba za ta tashi ba. Sai an fara mayar da shi sabon salon GPT da umarnin mbr2gpt, sannan a sauya. Kafin duk wannan, a kwafe fayiloli zuwa wani faifai na waje, kuma idan an kunna BitLocker, tsarin Windows na kulle faifai, a rubuta makullinsa mai lamba 48 a takarda, domin taɓa saitin TPM na iya sa ya nemi makullin a tashi na gaba.

Idan furosesa ce ta tsufa, akwai dabarun tsallake sharaɗin da ke yawo a intanet, kuma suna aiki. Matsalarsu ita ce Microsoft ya faɗa a fili cewa bai yi alƙawarin sabuntawa ga irin wannan kwamfuta ba, kuma babban zubin shekara-shekara yakan ƙi sauka da kansa, sai an sake dabarar da hannu. Wanda ya iya, ya kuma san zai riƙa bibiya, ba laifi. Amma a yi wa dattijo ko ɗan makaranta haka a tafi a bar shi, an mayar da shi inda aka fito ne ba tare da ya sani ba. Shirin ƙarin wa'adi na Windows 10 mai suna ESU da aka buɗe wa masu amfani a gida a 2025, shekara ɗaya tak aka ba shi a lokacin, zuwa 13 ga Oktoba 2026, kuma sai kwamfuta tana kan 22H2 da asusun Microsoft. Numfashi ne na shirya ƙaura.

Hanyar da nake ganin an fi raina ta fiye da kima ita ce sauya babbar manhajar gaba ɗaya. Linux Mint 22 tana da tallafi zuwa 2029, kyauta ce, kuma fuskarta ba ta yi nisa da wadda mai Windows ya saba da ita ba. Ana sauke fayil ɗinta daga shafinta na asali, a rubuta shi a filashi mai gigabait 8 da manhaja irin Rufus, a tada kwamfutar daga filashin. Daɗin abin shi ne ana iya gwada ta a haka ba tare da an taɓa faifan ciki ba. A wannan gwaji a duba abubuwa huɗu da suka fi kawo cikas: Wi-Fi, da sauti, da kyamara, da firinta. Wanda aikinsa ya dogara da Photoshop ko wata manhajar lissafin kasuwanci da aka yi don Windows kaɗai, wannan hanya ba tasa ba ce, gara a faɗa masa gaskiya. Wanda kuwa rayuwarsa a kwamfuta ba ta wuce burauza da rubutu da bidiyo ba, zai iya samun wasu shekaru. In aka haɗa da sauya tsohon faifai mai juyawa da SSD, wato sabon faifai mai sauri, aka kai RAM gigabait 8, sau da yawa sai ta fi yadda take sabuwa sauri.

A ɓangaren waya lamarin ya fi rikitarwa, domin a Android facin ba ya zuwa kai tsaye. Google ya gyara nasa sashe, kamfanin da ya ƙera furosesa irin Qualcomm ko MediaTek ya gyara nasa, sannan kamfanin wayar ya haɗa su da tasa fuskar, ya gwada a kan kowane samfuri, wani lokaci har kamfanin sadarwa sai ya sa hannu. Duk inda wani ya janye a wannan sarƙa, faci ya tsaya. Kamfanin da ke fitar da samfuri goma sha a shekara ba ya son ɗaukar nauyin kula da kowanne na tsawon lokaci, kuma tunda ba wanda ke tambayarsa a wurin saye, babu abin da zai tura shi. Amma an riga an nuna cewa abin mai yiwuwa ne. Google ya yi alƙawarin shekara 7 ga Pixel 8 a Oktoba 2023, Samsung ya bi sahu da shekara 7 ga Galaxy S24 a Janairu 2024. Ƙananan wayoyi da yawa kuwa shekara biyu ko uku suke samu, wasu ma ba a faɗi komai a kansu ba. Abin da ke damuna a nan shi ne mai ƙaramin ƙarfi, wanda ya fi kowa daɗewa da waya ɗaya kuma ya fi kowa jin zafin asara in an kwashe masa asusu, shi ne ake ba mafi gajeren wa'adi.

Akwai kuma tarko a yadda ake ƙirga shekarun. Ƙirgen yana farawa ne daga ranar da aka fara fitar da samfurin, ba daga ranar da ka saya ba. Wayar da aka yi wa alƙawarin shekara uku, in ta yi wata goma sha takwas a kan kanta kafin ta zo hannunka, shekara ɗaya da rabi ka saya, ko da kai ne ka yage ledarta. Ta hannu kuwa tana iya zuwa wa'adinta ya riga ya cika. Wannan ne dalilin da ya sa nake cewa rana za a rubuta, da wata da shekara, ba adadin shekaru ba, kuma ba da lafazin "har zuwa" da ake fakewa da shi ba.

Duba matsayin wayarka ba ya ɗaukar minti biyu. A Android ka shiga Settings, ka gangara About phone, ka buɗe Android version. A wayoyin Samsung sunan wurin Software information. Za ka ga ranaku biyu. Ta farko ita ce ta sabuntawar tsaron Android, wadda kamfanin wayar ke aikowa. Ta biyu ita ce ta Google Play system update, wadda tun daga Android 10 Google ke aikowa kai tsaye. Ta biyun tana rufe wasu sassa, amma ba ta kai ga ƙashin bayan manhajar ba, ba ta kuma taɓa ƙananan manhajojin da ke tafiyar da Wi-Fi da Bluetooth da sashen da ke magana da turken sadarwa, don haka kada sabuwar rana a can ta ruɗe ka. Ta farkon ce ma'auni. Idan ba ta wuce wata uku ko huɗu ba, lafiya, tunda akwai wayoyin da duk wata uku ake aiko musu. Idan ta kai wata shida, ka nemi sabuntawa da hannu ka gani. Idan ta haura shekara guda kuma wayar tana cewa babu sabon abu, to a zahiri an sallame ta. Kalmar nan "wayarka tana kan sabon zubi" da ke fitowa a allo tana yaudarar mutane matuƙa, domin ma'anarta kawai babu wani abin da aka aiko, ko da rabon da a aiko ya kai shekara uku. A iPhone wurin dubawa shi ne Settings, General, Software Update, kuma Apple yakan ci gaba da aiko wa wasu tsofaffin wayoyi facin tsaro bayan sun daina samun sabon iOS, amma ba kowace tsaga yake liƙewa a tsohon zubi ba.

Abin da nake nema ba mafarki ba ne, wasu sun fara. A Birtaniya, tun 29 ga Afrilu 2024, doka ta wajabta wa masu ƙera na'urorin da ke hawa intanet su bayyana mafi ƙarancin lokacin da za su bayar da sabuntawar tsaro, ta kuma haramta kalmar sirri guda ɗaya da ake sa wa duk na'urori daga masana'anta. Wannan doka ce ta sa Apple, wanda bai saba faɗin adadi ba, ya rubuta aƙalla shekara 5. Tarayyar Turai ta zarce haka. Daga 20 ga Yuni 2025, sababbin wayoyin da ake kaiwa kasuwarta dole su samu sabuntawa na aƙalla shekara 5 daga ranar da aka daina sayar da samfurin, kayan gyara su kasance akwai na shekara 7, batir kuma ya riƙe kashi 80 cikin 100 na ƙarfinsa bayan caji 800. Ƙirgawa daga ranar daina sayarwa shi ne ya toshe tarkon da na ambata. Ƙasashe da yawa suna da hukumar da ke tantance wayoyi kafin a shigo da su, da hukumar kare haƙƙin masu saye. Ƙara wannan sharaɗi ɗaya a takardar tantancewa bai fi ƙarfin kowace daga cikinsu ba. Zan ƙara abubuwa biyu a kai. Wayar da kanta ta sanar da mai ita wata shida kafin wa'adinta ya cika, da harshe mai sauƙi. Sannan in kamfani ya janye hannunsa, ya buɗe makullin da ke hana ɗora wata babbar manhaja, domin masu sa kai irin na LineageOS, wata Android da suke ginawa da kansu, su iya ci gaba da raya ta. Bai dace kamfani ya ce ba zai gyara ba, kuma ya hana wani gyarawa.

Masu adawa da wannan suna da hujjar da ba za a yi watsi da ita ba: dogon tallafi yana cin albashin injiniyoyi, kuma a ƙarshe mai saye ne zai biya, abin da zai fi taɓa ƙananan wayoyi. Gaskiya ne akwai kuɗi a ciki. Amma buga rana a kwali ba ya cin komai, kuma shi ne matakin farko. Kamfanin da ke ganin shekara biyu kawai zai iya, ya rubuta shekara biyun, mai saye ya zaɓa da idonsa a buɗe. Ina da yaƙinin cewa da zarar ranakun sun jeru gefe da gefe a kan kanta, gasa za ta koma can, kamar yadda ta taɓa komawa kan kyamara. Wata hujjar ita ce mutane ai suna sauya waya duk bayan shekara biyu ko uku. Wanda ya sauya ba jefar da tsohuwar yake yi ba. Takan koma hannun ƙane, ko uwa, ko a sayar, ta yi wata rayuwa ta biyu da ta uku. Wadda aka jefar kuma tana da nata lissafin: rahoton Majalisar Ɗinkin Duniya ya nuna an samar da sharar kayan lantarki tan miliyan 62 a 2022, kuma abin da aka tabbatar an tattara an sake sarrafawa bai kai kashi ɗaya cikin huɗu ba.

Akwai kuma masu gudun sabuntawa da kansu, suna cewa tana rage wa waya sauri. Wannan tsoro yana da tushe. A ƙarshen 2017 Apple ya amsa cewa yana rage saurin wasu iPhone masu tsohon batir don kada su riƙa mutuwa ba zato, kuma a 2020 Faransa ta ci shi tarar Yuro miliyan 25 saboda bai sanar da masu wayoyin ba. Irin wannan ɓoye-ɓoye ne ke kashe amana. Duk da haka a bambanta abu biyu. Babban sauyin zubi, kamar daga Android 14 zuwa 15, yana da nauyi, yana canza fuska, kuma ba laifi a jira mako biyu a ji yadda ya yi wa wasu. Facin tsaro na wata-wata ƙarami ne, ba ya canza komai da ido zai gani, kuma jinkirta shi babu riba. Zafi da saurin shan caji da ake gani kwana ɗaya ko biyu bayan babbar sabuntawa yawanci wayar ce ke sake tsara manhajoji da hotuna a bayan fage, yakan lafa da kansa. In bai lafa ba, a duba lafiyar batir kafin a ɗora wa sabuntawa laifi.

Dole a faɗi cewa wani kason laifin namu ne, masu amfani. Na'urori da yawa suna cikin wa'adinsu, facin ya iso, amma ya yi watanni yana jira. Mafi yawan dalili shi ne cikar ma'adana: sabuntawa tana buƙatar wurin da za ta sauka da wurin da za ta warware kanta, don haka a bar gigabait biyar zuwa goma a sake, kuma bidiyoyin da suka taru a WhatsApp su ne wurin fara shara. Caji ya haura rabi ko a jona ta da wuta, a yi amfani da Wi-Fi, kuma kada a kashe ta a tsakiyar aiki ko da ta daɗe a kan tambarin kamfani. A Windows, in an sanya layin intanet a matsayin mai awo don tattalin data, sabuntawa da yawa ba za su sauka ba sai an nema da hannu. Sannan faci ba ya kama aiki sai an sake kunna na'ura. Rufe murfin laftof ba sake kunnawa ba ne, kuma maɓallin Restart ake so, domin Shut down a Windows yakan adana wani sashe na tsohon zama don saurin tashi. Haka Chrome, sai an rufe shi an buɗe. Gargaɗi ɗaya mai muhimmanci: sabuntawa ta gaskiya daga cikin saitin na'ura take zuwa, ko daga Play Store da App Store. Duk shafin intanet ko saƙon da ya ce wayarka ta tsufa, danna nan ka sabunta, to shi ne ɓarawon.

Na'urar da aka fi mantawa da ita ita ce rauta, akwatin Wi-Fi da ke maƙale a lungu, wadda duk abin da ke gidan ta cikinta yake bi. A Oktoba 2016 muguwar manhajar Mirai ta tara ɗimbin rautoci da kyamarorin tsaro ta hanyar gwada kalmomin sirrin masana'anta kawai, aka yi amfani da su aka durƙusar da manyan shafuka na sa'o'i. A rubuta adireshin da ke jikin takardar ƙasan rautar a burauza, yawanci 192.168.0.1 ko 192.168.1.1, a sauya kalmar sirrin shiga saiti, wadda daban take da ta Wi-Fi, a zaɓi tsarin tsaro na WPA2 ko WPA3, a kashe WPS, wato hanyar haɗawa ba da kalmar sirri ba, da damar sarrafawa daga nesa, a nemi sabuwar manhajarta. Rauta da talabijin mai intanet su ma suna buƙatar ranarsu a kwali, wataƙila ma fiye da waya, tunda sukan shekara goma ba wanda ya waiwaye su.

Wanda ya duba ya ga wa'adin wayarsa ya cika kuma ba shi da halin sauyawa yanzu, ba a ce ya jefar ba, a rage abin da za a iya sata ne. A ci gaba da sabunta burauza da sauran manhajoji daga Play Store, tunda su suna samun nasu facin daban na wani lokaci. A goge duk manhajar da ba a amfani da ita, a daina ɗora fayilolin manhaja na APK daga wajen Play Store, a kashe saukar da hotuna da MMS kai tsaye, a kashe Bluetooth in ba a buƙata. A kunna tabbatarwa mai mataki biyu a imel da WhatsApp. In akwai wata na'ura a gidan da ke cikin wa'adinta, harkar banki ta koma can.

Ranar sayen wata kuma, kafin a biya, a nemi cikakken sunan samfurin da lambarsa, a bincika shekarar da ya fito da alƙawarin da kamfanin ya rubuta a shafinsa, ba abin da mai sayarwa ya faɗa da baki ba. A cire shekarun da suka wuce daga alƙawarin, a raba kuɗin wayar da shekarun da suka rage. Da wannan lissafi, wayar da ta ɗan fi tsada amma tana da shekara biyar a gaba takan fi mai shekara ɗaya da rabi sauƙi nesa ba kusa ba. In an bincika ba a ga kamfanin ya rubuta komai ba, a ajiye ta a duba ta kusa da ita.